Ƙusa a Gicciyen Mama Milka

Shafi na 19

Salama gare ku, jama'a. Waɗanda suka cika mini waya da saƙo tun ranar Talata, ku sassauta mini, ga shi ya samu. Ƙauna ta Kagoma, ke da kika rantse cewa Boaz mutumin kirki ne, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

*

Joanna ce ta kawo hoton daga wurin masu bugawa, a naɗe kamar tabarma. Ta jingina shi a ƙofar shagon yayanta, ba ta shiga ba.

"Broda Kumai, ga shi. Baba ya ce firam ɗin ya yi ƙarfi, don mata huɗu za su ɗauke shi gobe suna rawa."

"To shigo mu buɗe mana."

"Na bar mata suna jira na a gida."

Ba ta ko ɗaga ido ta kalle shi ba. Ta juya da sauri, ta tsallaka titi.

Gobe Lahadi za a yi godiya a coci, mahaifiyarsu Mama Milka ta cika shekara uku da tafiya. Malamar firamare ce, shekara talatin da ɗaya tana riƙe da alli, ba ta taɓa wuce Jos ba. Amma tana da wani littafi mai baƙin bango da take manna hotunan da ta yanko daga tsofaffin kalanda da mujallun mishan. Cocin da aka sassaƙa cikin gishiri a ƙarƙashin ƙasa a Folan. Garin da mutane suka haƙa a cikin dutse a Kafadokiya. Ɗan ƙaramin ɗakin addu'a a kan wani dogon dutse a Jojiya, wanda sai da tsani ake hawa. Na ƙarshe shi ne wanda ta fi so, wani tudu a Lituweniya da mutane suka kafa wa gicciye dubu kan dubu, har ba a ganin ƙasa. Daga shi sai shafi ɗaya da aka yage. Baba ya ce a asibiti ta yage shi ta ƙunsa magani.

Ranar da ta cika, Kumai yana Kagoma yana gyaran bencinan coci. Baba Silvanus ne ya faɗa masa wasiyyarta: a kafa mata gicciye a tudun nan.

A lokacin su biyu suka samu takardar zuwa tuƙin tirela a can, shi da Boaz, abokinsa tun suna satar mangwaro a bayan kwatas ɗin reluwe. Baba ya kama hannun Kumai, ya ce, "In ka tafi, wa zai rufe mini ido?" Kumai ya jefa fasfo a akwati. Ya ɗauki taɓaryar Mama ta ƙirya, ya yanka ta biyu, ya kwana uku a kanta. Mama Rosemary, shugabar Zumuntar Mata ta coci, ta yago bakin zanin Zumunta ta ɗaura a tsakiyar gicciyen da hannunta. Boaz ya tafi da gicciye da littafi. Bayan wata biyar hoto ya zo a waya.

Hoton nan ne yau aka buga shi ƙato.

Kumai ya share garin katako daga kan tebur, ya warware shi, ya danne kusurwa huɗu da guduma da zarto da gwangwanin gam da takalminsa ɗaya.

Ga Boaz nan cikin jibgegiyar riga, ƙanƙara har idon sawu. Ga gicciye ko'ina, manya da ƙanana, wasu sun rataye a wuyan wasu. Ga na Mama a gefen hannun damansa, da ƙyallen Zumunta ja da fari yana kaɗawa.

Ya ɗauko tef zai auna. Ya sunkuya.

Sai ya tsaya.

Ya sa babban yatsa ya goge wurin, ko ƙura ce. Ba ta goge ba. Ya ɗauki hoton ya kai bakin ƙofa inda rana take. A ƙasan ƙullin ƙyallen, daidai inda itace biyu suka haɗu, wani ɗan abu ne yake ƙyalli, zagaye, kamar ƙwayar gero.

Kan ƙusa.

Shekara uku yana kallon hoton nan a fasasshen gilashin wayarsa. Ya sumbace shi. Ya nuna wa kwastomomi. Bai taɓa ganinsa da girman da ya wuce tafin hannu ba.

Shi kuwa bai sa ƙusa ba. Duk wanda ya zo wurinsa a kwana ukun da ya yi yana aikin ya ji shi yana faɗa: an riga an buga wa Yesu ƙusa sau ɗaya, ba zai ƙara wata a gicciyen uwarsa ba. Ƙwaƙule itacen ya yi, rabi da rabi, suka shige cikin juna, ya soke su da tsinken ƙirya.

Ya sake dubawa. Itacen ma fari ne, da ido-ido a jikinsa, irin wanda ake yin akwatin kaya da shi. Taɓaryar Mama kuwa ja ce mai duhu, kamar hanta.

Ya mayar da hoton kan tebur ya danne shi, ya zauna a kan benci. Bai san tsawon zaman da ya yi ba.

"Yusufu kafinta! Mijin Maryamu!"

Boaz ne. Tun Laraba ya sauka, ya zo hutu saboda godiyar. Rana tana dukan kwano amma yana cikin rigar fata, waya a sama yana ɗaukar bidiyo.

"Jama'ata, ga shi nan, babban abokina a duniya. Ɗaga musu hannu mana, mutum dubu arba'in ke kallon ka. Kai, ka ga yadda hoton nan ya fito? Kamar in sake jin sanyin!"

"Kashe wayar."

"Abeg, minti ɗaya kawai..."

"Boaz. Kashe."

Ya kashe. Ya zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, yana fifita da hula.

"Lafiya? Fuskarka kamar an ce ka yi akwatin gawa kyauta."

"Ba ni labarin tudun."

"Haba, sau nawa zan ba ka? Shekaranjiya har kunu ya huce ina ba ku."

"Shekaranjiya labarin cocin gishiri ka bayar. Ka ce ka lasa bango."

"Allah na gani na lasa! Mai gadi ya harare ni. Kumai, fitilun da ke rataye ma gishiri ne. Ka sauka, ka sauka, ka yi ta sauka, sai ka ce gidan Shaiɗan za ka, sai ga coci. A Kafadokiya kuwa na maƙale a wata 'yar hanya, wata tsohuwa 'yar Koriya ce ta turo ni ta baya..."

"Tudun nake tambaya."

Boaz ya daina fifita.

"To. Na ajiye tirela a wani gari kusa, na hau bas, na taka sauran da ƙafa. Babu kowa sai ni da iska. In iska ta busa, ƙananan gicciyen da ke rataye sai su riƙa bugun juna, kamar mata dubu suna kaɗa kacau-kacau a hankali. Na durƙusa na kafa. Shi ke nan."

"Ƙasar da tauri?"

"Kamar siminti. Ƙanƙara ce fa."

"Da me ka buga shi ya shiga?"

"Da dutse."

"Bai tsage ba?"

"Aikinka ne, ina zai tsage?"

"Da ka ɗauko shi daga bas, bai yi maka nauyi ba?"

"Ko kaɗan, a aljihun riga ma na..."

Boaz ya kama bakinsa.

Kumai ya tashi, ya kamo wuyan rigar fatar, ya jawo shi har gaban hoton. Ya ɗora yatsa a wurin.

"Mene ne wannan?"

"Ƙyallen Mama Rosemary."

"Ƙasa da shi."

"Ƙanƙara ce ta maƙale."

"Boaz, shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da ƙusa. Inci ɗaya da rabi ce wannan. Wa ya buga ta?"

"Wataƙila a hanya ya saki, na ba wani ya..."

"Itacen ma a hanya ya yi fari? Sanyi ya sa shi ya zama Bature irinka?"

Boaz ya zame daga hannunsa, ya koma ya zauna. Ya cire rigar fatar ya ajiye a cinya. Singiletinsa ta jiƙe sharkaf.

"Ka saurare ni har ƙarshe."

"Ina gicciyen uwata?"

"Na ce ka saurara. A filin jirgi na Abuja, na ɗora jaka a sikeli. Kilo ashirin da uku suka yarda. Tawa ta nuna ashirin da bakwai. Matar ta ce in rage ko in koma gefe. Layi a bayana har ƙofa, ana ta tsaki. Ban taɓa shiga jirgi ba, Kumai. Na buɗe jaka a ƙasa gaban mutane..."

"Me ke cikin jakar?"

"Kaya."

"Wane kaya?"

"Acca. Daddawa. Busasshiyar citta. Yaji. Yaran da suka riga ni zuwa ne suka roƙa, su za su karɓe ni, su za su ba ni wurin kwana. In na je hannu biyu..."

"Sai ka cire Mama."

"Gicciyen nan shi kaɗai ya kusa kilo huɗu! Wa ya ce ka yi shi da ƙirya? Da ka yi shi da katako mara nauyi..."

Kumai ya yi dariya. Irin dariyar da ta sa Boaz ya ja kujera baya.

"Acca ta je Turai. Daddawa ta hau jirgi. Uwata ta tsaya a Abuja."

"Na kwance ƙyallen na sa a aljihu. Ƙyallen na gaske ne, na rantse. A bakin tudun akwai masu sayar da gicciye, na zaɓi wanda ya fi kyau, na rubuta sunanta a baya, na ɗaura. Na yi mata addu'a a can, Kumai. Na yi kuka har majina ta daskare mini a hanci. Wannan ba ƙarya ba ne."

"Ka yi kuka."

"Na yi."

"Ni kuma na tsaya gaban ikilisiya na ba da shaida. Na ce Ubangiji ya ba ni aboki da ya fi ɗan'uwa. Mutane suka tafa. Uwarka ta yi guɗa. Ka tuna? Na turo maka bidiyon, ka turo mini hannu biyu na addu'a."

Boaz ya sunkuyar da kai.

"Littafin kuma fa? Duk inda ta manna ka je. Na ga bidiyonka a cocin gishiri. Ka kalli kamara ka ce, 'Ko a ƙarƙashin ƙasa mutum ya nemi wurin durƙusawa.' Mutane suka ce kai, yaron nan akwai hikima. Rubutun Mama ne, da jan biro, a ƙasan hoton. Ni na riƙe mata fitila ranar da ta rubuta. Ko sau ɗaya ka faɗi sunanta?"

"Na yi niyya..."

"Na yi shiru a kan wannan. Na ce ba komai, ai ya kai mata gicciye, ya ci kalmominta. Ashe kalmomin kawai ka ɗauka, don su ba su da nauyi a sikeli."

Wani mai acaba ya tsaya a ƙofar shago zai tambayi kujerunsa, ya ga fuskokinsu, ya ja babur ɗinsa ya wuce.

"Ka bar shi a filin jirgi? A kwandon shara?"

"Allah ya kiyaye! Wane irin mutum ka ɗauke ni?"

"Ban sani ba kuma. Ina yake?"

"Wa ya raka ni Abuja?"

Kumai ya tuna. Ranar nan yana da aikin rufin wani gida, bai samu zuwa ba. Mutum ɗaya ya tura a madadinsa.

"Joanna."

"A hannunta na sa shi. Na ce ta kawo maka, ta ce maka in na dawo hutu zan tafi da shi. Niyyata ke nan, Allah shi ne shaida. Sayen wani gicciyen ba daga kaina ya fito ba."

"Daga kan wa?"

"Na ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki, Kumai. Ba zan faɗa ba. Ka mare ni in kana so."

Kumai ya dube shi. Ya dubi gudumar da ke danne da hoton. Ya ɗauki takalminsa ɗaya daga kusurwa, ya sa, hoton ya naɗe kansa ya rufe fuskar Boaz da ke ciki.

"Ka tsare mini shago, Bature. Ka saba tsare abin mutane."

*

Gidan ya cika da matan Zumunta. An kafa manyan tukwane uku a tsakar gida, wasu na yanka albasa, wasu na tsince shinkafa, suna gwada waƙar da za su shiga da ita gobe. Mama Rosemary na zaune a kan turmi tana ba da umarni da ludayi.

"Kumai ɗana! An gama firam ɗin? Ka sa masa hannu biyu a gefe fa, kada ya suɓuce mana a gaban Fasto."

"Ana kai, Mama. Sannunku da aiki."

Ya hango Joanna tana wanke tumatir. Ya yi mata alama da kai, ya zaga bayan gida wurin ramin citta. Ta daɗe kafin ta zo. Da ta zo, hannayenta a jiƙe, tana ta goge su a zani har bayan sun bushe.

"Kin ga hoton da kyau da aka buga shi?"

Ta ci gaba da goge hannu.

"Shi ya sa kika ƙi shiga shago."

"Broda..."

"Shekara uku kina kawo mini abinci. Kina zama a bencina kina cewa, 'Broda, ko yanzu ƙanƙara ta rufe Mama?' Ke ce kike tambaya! Ni kuma ina cewa ƙirya ba ta jin ruwa, ko jikokinmu za su same shi a tsaye. Kina kallon bakina ina faɗa."

Ta fashe da kuka, ta toshe baki da bakin zani kada matan su ji.

"A cinyata na riƙo shi tun daga Abuja. Ban yarda an sa shi a but ɗin mota ba. Wata mata a motar ta ce in biya masa kujera. Na sauka a tasha, shagonka zan zo kai tsaye, sai na ce bari in ajiye jaka a gida tukuna."

"Sai me?"

"Sai na tarar da Baba a ƙofa."

Waƙar matan ta tashi daga tsakar gida, wata ta yi kuskure, aka yi dariya, aka sake ɗauka.

"Joanna, me kike faɗa mini?"

"Ya karɓa. Ya ce in na buɗe baki, ba shi ba ni. Shi ya kira Boaz a waya da ya sauka. Ina tsaye a wurin."

"Ƙarya kike yi."

"Yana ɗaki, Broda. Je ka tambaye shi. Ni na gaji. Ko Jibin Ubangiji na daina ci a coci, kai kaɗai ne ba ka lura ba."

*

Baba Silvanus na zaune a bakin gado da tabarau a hanci. Kwat ɗinsa ta zamanin reluwe na rataye a ƙofa, an goge ta. Takarda ce a hannunsa, yana karantawa a hankali yana gyara murya.

"...muna kuma gode wa ɗanmu Boaz, wanda ya ɗauki nauyin... A'a, Kumai. Zo ka ji wannan wurin, ko ya yi tsawo."

Kumai ya shiga ya tsaya. Bai durƙusa ba, bai gaishe shi ba. Tunda aka haife shi bai taɓa yin haka ba.

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya ninke takardar biyu, ya ajiye a kan filo.

"Rufe ƙofa."

Ya rufe.

"Wa ya faɗa maka? Yarinyar ko yaron?"

"Ƙusa."

"Me?"

"Sun buga masa ƙusa, Baba. Ni ban sa ƙusa ba."

Baba ya cire tabarau ya murza idanu.

"Na ce wa Silas mai hoto kada ya yi shi da girma haka. Matan nan suka ce sai babba."

Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo tsohon akwatin ƙarfe na Mama daga ƙarƙashin gado. Ya ciro mabuɗi daga igiyar da ke wuyansa, ya buɗe. A saman zannuwanta gicciyen yake kwance, ja mai duhu, babu ƙyalle. Sunanta na nan yadda Kumai ya sassaƙa shi harafi harafi. Amma hannun dama na gicciyen ya yi sumul, yana sheƙi fiye da sauran jikin, irin sheƙin da itace ke yi in hannu ya daɗe yana shafa shi.

Kumai ya ja da baya. Ya dafa bango.

"Kullum da safe nake fito da shi," in ji Baba. "In na gama addu'a in mayar."

"Ka tsaya a gaban bagaden coci ka ce matarka ta isa inda take so. Ka ɗaga waya sama mutane suka ce Halleluya."

"Na yi."

"Don me, Baba? In kewarta kake ji, da ka faɗa mini. Da na yi maka wani. Turminta na nan, da na yi maka guda goma."

"Ba don kewa ba ne."

"To don me?"

"Da Joanna ta kawo maka shi ranar nan, me za ka yi?"

Kumai ya dubi gicciyen.

"Faɗa mini. Bizarka saura wata biyu a lokacin. Me za ka yi?"

"Da na kai shi da kaina."

"Yauwa." Tsohon ya gyaɗa kai. "Da ka kai shi. Da ka ga cocin gishiri, ka ga garin dutse, ka ga wancan, ka ga wancan. Ni na san abin da na haifa. Tun kana shekara shida nake zuwa tasha in ciro ka daga taragon kaya. Boaz yana dawowa don yana son a gan shi. Kai in ka tafi, ba abin da zai dawo da kai. Shekara talatin da biyar ina ba jirgi hannu yana wucewa, na san wanda zai dawo da wanda ba zai dawo ba."

"Sai ka sa aka yi wa matacciya ƙarya."

"Milka tana wurin Ubangiji, ba ta cikin itace. Kai ne a nan."

"Wasiyyarta ce! Kai ka faɗa mini da bakinka. Ta ce a kafa mata gicciye a tudun."

Baba ya dubi akwatin. Hannunsa ya koma cikin akwatin, ya tsaya a can, kamar mai shawara da kansa. A waje Mama Rosemary tana faɗa wa wata ta rage wuta.

"Tunda yau ranar ce," ya ce, "gara ka ji duka daga bakina. Gobe zan tsaya gaban Allah, ba na so in tsaya da rabi."

Ya ɗaga zani na ƙasa, ya ciro wata takarda da aka ninke ƙanana. Gefenta ɗaya a yage yake, da ƙananan haƙora irin na takardar da aka fizge daga littafi.

Kumai ya san layukan. Ya san jan biron.

"Ka ce ta ƙunsa magani da shi."

"Karanta."

Rubutun ya karkace, ba kamar nata na allo ba. Kwanan watan da ke sama, saura kwana huɗu ta rasu.

*Silvanus, tudun nan Kumai zai je mini da ƙafarsa, ya gani da idonsa, ya tsaya a wurin a madadina. Ko bai kai komai ba, ya je. Ni na zauna, kai ka zauna, ya isa haka. Yaron nan ba na zama ba ne. Kada ka riƙe mini shi.*

Ya karanta sau ɗaya. Ya sake karantawa. Ya juya bayan takardar, babu komai.

"Babu maganar gicciye a nan."

"Babu."

"Kai ka ƙirƙira."

"Na ce in aka ba ka abin da za ka aika, zuciyarka za ta kwanta." Tsohon ya ɗago kai. "Ta kuwa kwanta, Kumai. Shekara uku kana nan. Ka gina shago. Kana zuwa kana aske mini kai ranar Asabar. Laifi ne uba ya so ɗansa kusa?"

Kumai ya ninke takardar yadda take, ya sa a aljihun gaba, ya danne da hannu. Ya sunkuya ya ɗauki gicciyen. Nauyin na nan yadda ya san shi.

"Ina za ka da shi?"

Ya nufi ƙofa.

"Kumai. Ka bari gobe ta wuce. An gayyaci mutane daga Kujama, daga Kasuwan Magani, dangin uwarka suna hanya. Dattawan ikilisiya za su zauna a gaba. Ni dattijo ne a cocin nan tun ba a haife ka ba. Ka bari a shiga da hoton, a yi rawa, a fita. Ran Litinin ka yi mini duk abin da kake so."

"Hoton da ƙusa."

"Ba mai gani sai kai!"

"Ita ma tana gani."

Baba ya zamo daga bakin gado, gwiwoyinsa suka bugi siminti. Ya kama ƙafar wandon ɗansa.

"Ka rufa mini asiri. Ni na haife ka."

Kumai ya tsaya, hannu ɗaya a kan sakata. Bai taɓa ganin tsakiyar kan ubansa daga sama ba sai in yana masa aski. Ya ga inda reza ta ɗan yanke shi makon jiya.

Ya zare sakatar.

Hasken tsakar gida ya bugi idonsa. Matan suna tsakiyar amshi, suna tafi, Joanna na tsaye can bakin rijiya da hannu biyu a ka. Wadda ke kusa da ƙofa ce ta fara yin shiru. Sai ta gefenta. Waƙar ta riƙa mutuwa baki bayan baki, har ya rage tafasar tukunya kawai.

Mama Rosemary ta taso daga kan turmi, ludayi a hannu. Ta matso. Shekara ashirin tana aron taɓaryar nan ta kan katanga. Ta miƙa yatsa ta taɓa itacen, ta bi haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya.

Ta leƙa bayan Kumai, ta ga dattijon coci a durƙushe a ƙasa.

"Kumai," ta ce a hankali. "In Milka tana nan, wa muka yi shekara uku muna cewa tana Turai?"